Amsa kan batirin diron a lokacin sanyi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena na Kanada, na saurari tambayarka, cewa batiran dironka, wato ƙaramin jirgi mara matuƙi, na LiPo, wato irin batirin litiyam, suna kwana a gareji, ƙanƙara ta fara zuba, kana tsoron sanyi zai lalata su.

To ka ga, ajiya cikin sanyi ba ita ce babbar matsala ba. Zafi ma ya fi cin batir. Abin da nake roƙonka, don Allah, kada ka jona shi a caji yana da sanyi. Idan yanayi ya kai digiri 0 ko ƙasa, sinadarin litiyam ɗin ba ya shiga inda ya kamata, sai ya taru a sama ya zama ƙarfe-ƙarfe, yana fitar da tsini siriri kamar allura. Tsinin nan zai iya huda 'yar takardar da ta raba ɓangarorin batirin biyu, na + da na −, a ciki, daga nan sai kumburi, wani lokaci sai gobara. Kuma ɓarnar ba ta gyaruwa, ko da daga baya ka ɗumama shi. DJI ma, kamfanin da ke ƙera diron, a takardarsu digiri 5 zuwa 40 suka ce a yi caji.

Ka shigo da shi ɗaki, ka bar shi awa biyu ko uku ya sha ɗumin ɗaki, raɓar da ta kwanta masa ta bushe, sannan ka jona. Ban da ɗora shi kan hita. Mu ma na gida, masu kasko da garwashi a hunturu, ban da kusantar da shi wuta.

Ajiya kuwa, kada a cike, kada a fanko. Cikakken sel, wato kowane ɗaya daga cikin ƙananan baturan da ke cikinsa, bolt 4.2 ne, na ajiya 3.8, wato mai sel uku wajen 11.4. Yawancin cajoji suna da wurin da aka rubuta Storage, danna shi kawai. Ka riƙa dubawa duk wata, kada ko sel ɗaya ya sauka ƙasa da bolt 3.0.

Mutanen Jos da Mambila, ku ma kun san yadda batir ke nuna rabi da asuba, sai ya faɗi gaba ɗaya jirgi na sama. Ku sa shi a aljihun ciki kafin tashi, jirgin ya tsaya cak a sama kamar minti ɗaya ya ɗumama.

Wanda ya kumbura kuma, ƙanena, ko sau ɗaya kada ka sake caja shi. Ka kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura.