Tambayi Likita: Tiramol, Kodin da Gidan Mari

Likita, kabu-kabu nake yi a Runjin Sambo. Na fara da tiramol ɗaya da safe don in jure zafin rana, yanzu sai na sha huɗu. In ban sha ba kamar an lakaɗa mini duka. Ni ba ɗan ƙwaya ba ne, don aiki nake sha.

Ɗan'uwa, leburori da masu noman rani a fadama duk haka suke ce mini, kuma na yarda ba don holewa ka fara ba. Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta tambayar niyya. Tiramol dangin kodin ne. Idan yana shiga jiki kullum, ƙwaƙwalwa takan rage nata sinadaran da ke kashe zafi da sa nishaɗi, ta jingina da na waje. Shi ya sa ɗaya ya daina isar ka. Ciwon gaɓoɓi, hamma, gumi, zawo da rashin barcin da kake ji idan ka fasa, jikinka ne ke neman abin da ya saba. Wannan shi ne kamu, kuma ciwo ne mai magani.

Ka juya bayan katin ka duba. Hukumar NAFDAC 50mg da 100mg ta amince da su, amma wanda ake sayarwa a tasha yakan kai 225mg. Huɗu ke nan 900mg, alhali ko a asibiti ba ma wuce 400mg a yini. Yawansa na jawo farfaɗiya. Ka tuna kana kan babur, ga fasinja a baya.

Kada ka yanke shi dare ɗaya kai kaɗai. Sau da yawa cikin 'yan kwanaki ake komawa shansa. Ka zo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) da ke Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, a tsara maka ragewa sannu a hankali. Kuma don Allah ka faɗa wa likita ainihin adadin, ba rabinsa ba.

Ɗana mai shekara 19 na samu kwalaben kodin a ƙarƙashin katifarsa. Kawunansa sun ce a kai shi gidan mari, kakarsa ta ce sammu ne. Uwa daga Mabera.

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma bai ɓace ba, tsada ya ƙara. Ki lura da kuɗi da ƙananan kayan da ke ɓata a gida. Kuma ba gidanki kaɗai ba ne: rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna kimanin mutum miliyan 14 a Najeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda.

Addu'a ku ci gaba da yi, ban hana ba. Gidan mari kuwa ban goyi baya ba. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019: sarƙa a ƙafa, tabon bulala a baya. Sarƙa tana hana yaro kwalba na wata shida, ya fito da ƙulli a zuciya ya koma wurin abokansa na da. Ki zauna da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban ƙannensa ba, ki tambaye shi yaushe ya fara da abin da ke damun sa. Sau da yawa akwai damuwa ko rashin barci a ƙarƙashi, su ma sai an yi musu magani. Idan ya daina ya sake komawa, a mayar da shi asibiti, ba a sallama shi ba.

Wiwi ai ganye ne, mene ne illarsa? Ɗalibi daga Arkilla.

Zaƙami ma ganye ne, ƙanena. Wiwi na raunana hadda, kuma ga wanda ya fara da ƙuruciya yana ƙara haɗarin taɓin hankali.

In an tarar da mutum ya sha ƙwaya ya wuce kima ba ya motsi, a ba shi madara?

A'a. Madara ko manja za su iya shiga huhunsa su shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a duba numfashi. Idan yana ja da ƙyar ko yana minshari mai nauyi kuma ba ya farkawa, a garzaya asibiti, kada a ce a bar shi ya yi barci. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin irin su kodin cikin mintuna. Ku tafi da kwalbar ko katin da kuka gani kusa da shi.