Zauren Likita: yaron da riga ke cizo, da sauran tambayoyinku

Tambaya: Likita, tafin ƙafafuna sun mutu, ko takalmi ya zame ba na ji. Shekaruna 56. Daga wani ɗan kasuwa a Wadata.

Amsa: Alhaji, a auna maka sukari cikin wannan makon. Ciwon sukari yana cinye jijiyoyin ƙafa sannu a hankali. Kafin nan kada ka yi yawo ba takalmi, kuma ka riƙa duba tafin da idonka kowane dare.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa takwas. Ba ya zama wuri ɗaya, kullum mushe, malaminsu na lakwal, sai ya aiko da ƙara. Sabuwar riga tuɓewa yake, wai tana cizonsa. Aski sai mutum biyu sun danne shi. Amma zai faɗi ya kurje gwiwa har jini, bai ma lura ba. Kakarsa ta ce iska ce, an yi masa hayaƙi sau uku. Kawunsa ya ce bulala ce maganinsa. Wata maƙwabciya kuma ta ba ni ƙwayar barci daga wurin masu talla. Daga wata uwa a Bukoki.

Amsa: Wa'alaikumussalam, ƴar'uwa. Ƙwayar nan ki zubar da ita yau. Galibi irinsu diazepam ne, kuma a jikin yaro suna iya rage numfashi, wani yaron ma ƙara birkita shi suke. Abin yana ɓata mini rai: maganin da mu ba mu bayarwa sai da takarda, ga shi a tire cikin rana, ana sayar da shi kamar alewa. Hayaƙin ma a daina. Ƙirjin yaro kawai yake toshewa.

Ban ga ɗanki ba, amma bayaninki ya yi kama da larurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda za ki ga an rubuta TDAH a takardar asibiti. Kusan yara biyar cikin ɗari a duniya suna da ita, gado na da babban hannu a ciki, kuma tun 1902 wani likitan yara a Ingila, George Still, ya bayyana irin waɗannan yara.

Batun rigar fa? Fata cike take da ƙananan jijiyoyi masu jin dannawa, goga da girgiza. Saƙonsu yana bin lakar baya ya hau wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, daga can ya wuce saman kai inda kowane sashen jiki ke da filinsa. Ki ɗauki talamus da gaban ƙwaƙwalwa kamar dogari a zauren sarki: ba kowa yake bari ya shiga ba. Yanzu haka ɗankwali yana kanki, amma ba ki jin sa sai da na ambata. Dogarin ne ya tsare saƙon. A yara da yawa masu wannan larura, tsaron nan ne ke da rauni, domin sinadaran da ke riƙe hankali, dofamin da noradirenalin, ba sa aiki daidai. Sai ɗinkin wuyan riga ya yi ta shigowa daga safe har azahar kamar yanzu aka sa ta. Idan kuma wasa ya kwashe hankalin gaba ɗaya, ciwon gwiwa ma a waje yake tsayawa. Ba ƙarya yake ba da ya ce tana cizonsa.

To ki gaya wa kawunsa, cikin ladabi, yaron da ɗinkin riga ke hana wa sakat, me bulala za ta koya masa in ba tsoro da ƙin lakwal ba?

A gida, ki wanke sabuwar riga kafin ya sa, ki yanke tambarin wuya, ki zaɓi auduga mai laushi. Ki sanar da shi kafin ki taɓa shi, kuma riƙo mai ƙarfi yakan fi masa daɗi a kan shafa sama-sama. Ki roƙi mushe ya zaunar da shi a gaba.

Amma ƙin taɓawa kaɗai ba ya tabbatar da larurar. Ana ganin sa a otizim, larurar da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane, kuma ƙazuwa, ƙarancin jini, rashin barci, matsalar kunne, har wata farfaɗiya mai sa yaro ya yi shiru na ƴan daƙiƙu, duk suna iya ruɗa mu. Ki fara da likitan yara. In ya tura ku sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a nan Yamai, ku tafi, ba hauka aka ce yana yi ba. Akwai magani na gaskiya, amma likita ne ke yanke shi bayan bincike. Ki kai shi, kada ki jira hutun ƙarshen shekara.

Tambaya: Shan zaƙi ne ke kawo wannan ƙiriniya? Daga wata malama a Tawa.

Amsa: A'a, Malama, bincike bai nuna haka ba. A rage zaƙin dai saboda haƙora, yaron kuma a kai shi a duba.

Tambaya: Me ya sa ba na iya yi wa kaina cakulkuli? Daga wani ɗalibi a Harobanda.

Amsa: Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya ta riga ta san inda hannunka zai sauka, sai ta rage ƙarfin saƙon. Lafiyarka lau, koma ga karatu.