Tambaya da Amsa: Kan sukurun fankata ya cinye, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Fankata ce ta tsaye ta fara ƙugi tana juyawa da ƙyar, na ce bari in buɗe bayanta in share ƙura in ɗiga mai, sauran sukurun duk sun fita lafiya lau sai guda ɗaya ya ƙi, na yi ta murɗawa har kansa ya cinye ya zama rami, yanzu sukundireba sai zamewa take. Ga zafi ya kunno kai. Don Allah a taimaka. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai ka zare filogi daga soket, sannan ka ajiye wannan sukundirebar, don duk zamewa ɗaya da ta yi ƙara cinye kan take, kuma na fi zaton ita ce ma ta jawo matsalar. Mutanenmu da yawa gani suke sita, wato sukundireba mai bakin kuros, ai sita ce, alhali girma-girma ce, akwai PH1 akwai PH2, in ka duba jikin ƙarfen za ka ga an rubuta. In ka sa ƙarama a babban sukuru, ko irin mai arhar nan da bakinta ya riga ya lashe, to wallahi sai ta ɓata maka kai.

Ka nemo wadda ta zauna daram ba ta rawa. Ka sa allura ka ƙwaƙule dattin da ke cikin ramin, in da tsatsa ka ɗiga kananzir ko man feshin nan na kwance tsatsa WD-40 ka bar shi ya jiƙa ko da minti 20 ne. Sai ka shimfiɗa robar ɗaure kuɗi mai faɗi a kan sukurun, ka dasa bakin sukundireba a kanta, ka kwantar da fankar ka danna da nauyin jikinka sosai kana murɗawa hagu a hankali a hankali. Dannawar ta fi murɗawar muhimmanci, nan ne mutane suke kuskure, garaje ba ya fitar da shi. In a jikin ƙarfe sukurun yake za ka iya ɗan ƙwanƙwasa gindin sukundirebar da guduma don bakin ya kama, amma in a roba yake kar ka soma, tsagewa za ta yi kuma gyaran wannan ya fi wuya.

In ya ƙi kuma kansa yana waje, ka damƙe shi da filaya ka juya, ko ka sa zarton yankan ƙarfe ka tsaga layi ɗaya a tsakiyar kan, shi ke nan ya koma na sukundireba fulat. Wanda ya nutse can cikin rami kuwa sai dai ka kai wa mai gyara ya sa injin huda ya cinye kan gaba ɗaya, murfin ya fita, guntun da ya rage a kama shi da filaya.

Ya fito kar ka mai da shi, ka tafi da shi kasuwa a ba ka irinsa, tsawo ɗaya kauri ɗaya, don wanda ya fi tsawo zai iya taɓo waya a ciki. Kuma in za ka cire farfelar ka sani murfin da ya riƙe ta yawanci dama ake murɗa shi ya kwance, ba hagu ba, ka duba kibiyar da aka zana a jikinsa tukuna. Allah ya taimaka.