Tambaya da Amsa: Kuɗin Furojet Ba Yawa, Ina Za A Fara Sa Su?

Tun da zangon karatu ya raba tsakiya saƙonnin 'yan ajin ƙarshe suka yi ta shigowa, kusan duk a kan abu ɗaya: ga aiki, ga ɗan abin da ke aljihu, me za a saya, me za a bari. Na tsamo biyar. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Malam, aikina gwada ganyen sabara da ɓawon marke ne a kan ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa. Wata mai magani a kasuwar Kawo ta ce za ta sayar mini da garinsu dakakke. Kuɗin motar zuwa ɗebowa ya ninka kuɗin garin. In saya kawai? (Ɗaliba, Unguwar Dosa)

Ɗiyata, kada ki sayi garin. Ba don ina zargin baiwar Allah da ha'inci ba. Sana'arta haɗi ce, kuma ba abin mamaki ba ne ta ƙara 'yar kanwa ko masoro don ta san haka maganin ya fi ci. A wurin mai ciwon ciki wannan alheri ne. A wurinki kuwa ɓarna ce, domin idan garin ya kashe ƙwayar cuta ba ki san wanne daga ciki ya yi aikin ba. Gari ba shi da fuska. Ranar kare kundi, abin da za a fara tambayarki shi ne wa ya tantance tsiron, kuma ina lambar da aka ba shi.

Ga yadda ake yi. Ki yanko reshe mai ganye, in da hali har da fure ko 'ya'ya, ki shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ki danne da katako biyu. Ki kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, su duba, su ajiye samfurin, su ba ki lamba. Sabara ita ce Guiera senegalensis, marke kuma Anogeissus leiocarpus, amma kada ki rubuta don ni na faɗa, ki rubuta don an ga reshen da ke hannunki. Sunan Hausa shi kaɗai ba ya isa: itace ɗaya wani ya ce dogon yaro, wani ya ce darbejiya, sannan ga tafasa da rai-ɗore, 'yan gida ɗaya, waɗanda ɗan birni kan rikita su tun suna ƙanana. Wannan matsala tsohuwa ce. Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa don warware ta, kuma da sunansa aka raɗa wa itacen hano Boswellia dalzielii.

Kuɗin da kika ware wa gari, ki ba mai maganin a matsayin ladan jagora. Ita ko yaronta su nuna miki inda suke ɗebowa, ki rubuta wurin, da watan, da ɓangaren da suke amfani da shi, da yadda suke haɗawa. Sabara ba sai an kutsa dokar daji ba, a saurukan gonaki take fitowa, kuma a halin da ake ciki ban yarda ki yi nisa da gari saboda ganye ba. In kin zo kan marke, ki ɓanɓaro ɓawon ta gefe ɗaya. Wanda ya zagaye gindin itace da wuƙa ya kashe shi.

Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa, ana juyawa. Na taɓa ganin wani yaro da ya ɗebo ganye buhu guda ana tsakiyar damina, ya ɗaure a leda ya tafi biki. Bayan kwana shida ya kwance, sai tururi da fumfuna fari fat kamar auduga. Ya so ya wanke ya shanya, aka ce masa to ai yanzu fumfunar zai gwada, ba ganyen ba.

Sai maganar sinadarin tatsa. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi babbar kwalba mai lita 2.5 a wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaji, mai hatimi da takarda, maimakon wanda aka ɗura a robar ruwa. Methanol, ɗaya daga cikin sinadaran da ake tatsa da su, guba ne, yana makantarwa, ba a ajiye shi a ɗakin kwana. Kuma lallai ki yi tatsa ɗaya da ruwa zalla, tunda mutanenmu jiƙo da dafawa suke yi. Abin da aka tatsa da shi da zafin da aka ba shi suna canja sakamako ƙwarai. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda maganin zazzaɓin cizon sauro daga tazargade, sai da ta bar tafasawa ta koma tatsa da ƙaramin zafi kafin sinadarin ya nuna ƙarfinsa. Kada ki manta da faifan maganin asibiti irin ciprofloxacin a gefe don kwatance. In kuma ganyen ya hana ƙwayar cuta tsiro a farantin gwaji, iyakar abin da za ki rubuta ke nan. Faranti daban, cikin mutum daban.

Ina karanta injiniyan ƙere-ƙere, za mu haɗa injin sussukar masara. Babana ya sayar da rago biyu ya ba ni kuɗin. In sayi sabuwar kwamfuta in ci bashin kuɗin ƙarfe, ko ta hannu? (Ɗalibi, Tudun Wada)

Ɗana, ta hannu, amma mai ƙashi. Sabuwa mai arha da ake jerawa tana ƙyalli yawanci ƙwaƙwalwarta giga 4 ce, da ka buɗe manhajar zane za ta fara nishi. Ka nemi irin waɗanda ofisoshin Turai suka ajiye: ThinkPad, Latitude ko EliteBook, mai Core i5 daga zubi na 8 zuwa sama, ƙwaƙwalwa giga 16 in ta samu, ko 8 mai gurbin ƙari, da ma'ajiyar SSD. Na ce zubi na 8 ne saboda daga nan Windows 11 ke karɓa, kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Kada abokai su ruɗe ka da Mac, manhajar zanen inji ta SolidWorks ba ta hawa kanta kai tsaye.

A shagon, kada ka ji kunya. Ka cire caja ka kunna bidiyo na minti 20 ka ga yadda batir ke sauka. Ka buɗe ka rufe murfin ka ji ko gindinsa ya saki, ka danna kowane harafi, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, ka tabbata ba a kulle shi ba. A rubuta maka garanti a rasit, ko na mako biyu ne. Manhaja kuwa, Autodesk na ba ɗalibai lasisin AutoCAD kyauta na shekara guda in ka nuna shaidar makaranta, kuma GNU Octave na yin galibin lissafin da za ka nema a MATLAB.

Kaso mafi tsoka na ragunan nan Panteka, kasuwar maƙera da ƙarafa ta Kaduna, zai tafi. Ka je da zane mai awo, ka zauna da mai walda har a gama. Zai ce maka wannan ƙarfen ya yi siriri, ko beyarin nan ba zai jure ba, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya, sai ka koma lissafinka ka gano dalili. Wanda ya miƙa kuɗi ya ce Oga a haɗa mini, ranar da aka tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan kaurin shaft ɗin zai tsaya yana kallon silin. Wajen sayen mota mai juya injin, ka karanta ɗan farantin da ke jikinta. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, kuma da yawansu a wutarmu suna juyi wajen 1,440 a minti. In kana son gangar sussukar ta yi 720, fulin da ke kanta ya ninka na motar a faɗi. Ka tambaya ko an taɓa sake mata waya, ka sa a kunna ta ka taɓa jikinta bayan ɗan lokaci. Ka kuma rage kuɗin masara da sikeli, domin inji da ba a auna nawa ya sussuke, nawa ya fasa, a minti nawa ba, tarin ƙarfe ne mai fenti.

Ni ɗalibar aikin jinya ce. Bincikena a kan shayar da nono zalla ne tsakanin mata masu kawo yara rigakafi. In buga takardun tambayoyi ko in yi da waya? Wani kuma ya ce in biya shi ya yi mini lissafin SPSS. (Ɗaliba, Kakuri)

Kafin takarda da waya, izini. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna tana da kwamitin da ke duba ƙa'idar bincike, asibitocin koyarwa irin Barau Dikko da na Shika su ma suna da nasu. Takardar kan ɗauki lokaci, sai ki miƙa da wuri, don ba a neman izinin abin da aka riga aka yi.

Yawan matan da za ki tambaya ba da ka ake yanke shi ba. Da ƙa'idar Yamane ta 1967, in mata 400 ke zuwa a lokacin da kika ɗiba, kuma kin yarda da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, mata 200 kike buƙata. Shafi huɗu sau 200, kin ga kuɗin bugu. Manhajar tattara amsoshi ta KoboToolbox kyauta ce, tana aiki a wayar Android ko babu data, kuma tana hutar da ke sake shigar da amsoshi. Tunda yawancin matan ke za ki karanta musu tambayar, waya ta fi. Ki dai buga takardar neman yarda, ki kuma riƙe kwafi 20 saboda ranar da caji zai ƙare.

Inda aikin yake shi ne Hausar tambayoyin. Ki ce wa uwa, nono zalla kike ba shi? Za ta ce ƙwarai kuwa, kuma ba ƙarya ta yi ba, don a wurinta ruwa ba abinci ba ne, balle rubutu ko ɗan dabinon da aka lasa masa ranar haihuwa. Ma'anar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ita ce wata shida ko ruwa babu, sai magani in likita ya rubuta. Don haka ki tambaya dalla-dalla: daga jiya war haka zuwa yanzu, ya sha ruwa? An ba shi koko? An ba shi jiƙo? Ki ba wani ya mayar da Hausarki Turanci ba tare da ya ga na asali ba, ku gwada. Sannan ki jarraba a kan mata goma a wani asibitin daban.

Mai SPSS, wato manhajar lissafin alƙaluma, ki biya shi ya koya miki, kina zaune kusa da shi, ke ke danna abin. In ya ce ki bar masa zai cike sauran takardun da ba a amsa ba, ki tashi. Akwai jamovi, kyauta, ta ishi kirga kashi da gwajin chi-square da ake nema a matakinki.

Ina koyar da Turanci a firamare, ina kuma ƙaro karatu. Zan naɗi yadda yara ke furta p da f. Sai na sayi rakoda? (Malama, Rigasa)

A'a, Malama. Wayarki da ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga sun isa. Ki naɗa a tsarin WAV, kada ki tura ta saƙon murya na WhatsApp don yana matse sauti. A kashe fanka, a zaɓi lokacin da ba a tashi tara ba. Manhajar Praat ta Jami'ar Amsterdam kyauta ce, za ta nuna miki a hoto inda leɓe ya rufe da inda iska ta zarce. Hausa ba ta bambanta sautukan nan biyu, shi ya sa yaro ke musanya su, kuma zai fi kyau ki saka kalmomin cikin jimla da hira, don in jeri kika ba shi zai yi ta taka-tsantsan. Ki nemi yardar hedimasta da ta iyaye a rubuce.

An turo mini imel daga wata mujalla ta ƙasar waje: za su buga maƙalata cikin kwana biyar in na biya da dala. Na duba fitowarsu ta baya, akwai aikin jinya, koyar da harshe, magungunan gargajiya da injiniyanci duk a haɗe. Ƙarin girma ya matso. In biya? (Malami, Malali)

Malam, riƙe dalarka. Kwana biyar ko ɗalibinka ba ka gama duba masa babi biyu ba, balle a nemo masana biyu su karanta, su yi gyara, ka mayar, edita ya yanke hukunci. Tara fannoni ba shi ne laifin ba, mujallar PLOS ONE ma na yin haka, amma tana da dubban editoci kowa da fagensa. Ka buɗe shafin editocin wannan, ka ɗauki suna uku ka neme su a jami'o'in da aka ce suna aiki. Ka nemi mujallar a kundayen mujallun da aka tantance, wato DOAJ, ko a jerin Scopus a shafin Scopus ɗin kansa, ba tambarin da suka liƙa a nasu ba. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya rufe jerin a farkon 2017, kuma alamomin da ya lissafa su ne a imel ɗinka: zaƙin baki, gaggawa, da kuɗi a gaba.

Biyan kuɗin bugu ba haramun ba ne, mujallun ƙwarai da yawa na karɓa, wasu kuma na yi wa marubutan ƙasashe irin namu rangwame in an roƙa tun lokacin miƙa aiki. Asarar a nan biyu ce: kwamitin ƙarin girma zai iya ƙin ƙirga ta, kuma maƙalar ta ƙone, ba wata mujallar kirki da za ta karɓi abin da aka riga aka buga. Ka shiga AJOL, inda ɗaruruwan mujallun Afirka suke, har da Science World Journal ta Jami'ar Jihar Kaduna in aikinka na kimiyya ne. Kafin nan ma, gobe ka leƙa ofishin shugaban sashenku ka karɓi takardar sharuɗɗan ƙarin girma, ka ga irin mujallun da suke ƙirgawa da makin kowacce.