Tambaya da Amsa: Zan je birnin bakin teku, shatar tasi zan riƙa ɗauka ko jirgin ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema, wata mai zuwa in sha Allah zan yi tafiyar sati ɗaya zuwa wani babban birni da ke bakin teku, ni kuma ban taɓa ganin teku ido da ido ba sai a waya. Waɗanda suka je sun ce min garin a rarrabe yake, wai wani wurin sai an haye ruwa, kuma wlh tsoron ruwa nake ji sosai, shi ne nake tunanin in riƙa ɗaukar shatar tasi duk inda za ni in huta. Ya kike gani? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya kai ki lafiya. Gaskiya ban ba ki shawarar tasi kullum ba, don a irin waɗannan garuruwan ruwa ne ke tsara hanya, sai ki ga wuri a Google Maps kamar ki miƙa hannu ki taɓa amma mota sai ta yi dogon zagaye ta nemo gada, gadar kuma kowa ita yake nema, safe da yamma goslo ne kawai mita na ta cin kuɗinki kina zaune wuri ɗaya.

Ki ɗauki Istanbul ta Turkiyya misali, mashigin ruwa na Bosforus ya raba ta biyu, ɓangare a Turai ɓangare a Asiya. Jirgin fito daga unguwar Eminonu a ɓangaren Turai zuwa Kadikoy a ɓangaren Asiya kamar minti 20 ne, kina zaune iska na kaɗa ki, alhali mai mota yana can yana jiran layin gada. Tun 2013 ma akwai jirgin ƙasa na Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin ruwan, kuma kati ɗaya ne Istanbulkart ake shiga bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwan duka da shi. Manyan birane da yawa na da irin katin nan, to ranar da kika sauka shi za ki fara tambaya.

Batun tsoro kuwa na fahimce ki, amma jirgin fito na gari ba kwalekwale ba ne fa, ƙato ne mai kujeru da rufi, 'yan makaranta da ma'aikata shi suke shiga kullum. Ki zauna tsakiya a hawa na ƙasa, nan ne ya fi rashin tangaɗi, in kin ji jiri ko tashin zuciya ki ajiye waya ki kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama. Ki duba inda aka ajiye rigunan kariya daga nutsewa tun kina shiga. Ƙaramin jirgin da aka cika shi maƙil ko babu rigunan nan, kar ki shiga ko kyauta ne.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne lokacin jirgin ƙarshe. Ni ya taɓa faruwa da ni, na haye ziyara hira ta yi daɗi, ina isowa tasha na tarar an ja ƙofa fitilun jirgin na can tsakiyar ruwa suna nisa, ga masaukina ina hango shi a tsallake, sai da na yi sama da awa a mota kafin na isa. Tun daga ranar ina sauka nake ɗaukar hoton allon lokuta. Kuma in iska ta yi ƙarfi ko hazo ya rufe ana iya dakatar da jirage, don haka ranar da za ki filin jirgin sama kar ki dogara da ruwa kaɗai.

In kin ɓata a cikin gari ki nemi inda teku yake ki bi gefensa, yawanci babban titi da tashoshi nan suke. Ki riƙe mayafi mai kauri ko da rana ta take, da la'asar iska ke tasowa daga teku saboda ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi.

In za ki taka bakin ruwa kuma ki tambayi mutanen wurin lokacin cikarsa, a gaɓar manyan tekuna ruwa kan cika ya janye sau biyu a rana, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50, shi ya sa dutsen da kika zauna a kai jiya da hantsi yau za ki iya tarar da ruwa ya shanye shi. In kin ga jar tuta a kafe ko ƙafa kar ki tsoma.