Amsa: Matsafi mai alkawari a Dungeons & Dragons

Ɗan'uwa, ka ce a wannan wasan tebur, inda kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, kana son gina matsafin da ya samu ƙarfinsa ta hanyar ƙulla alkawari, amma kana tsoron tsafe-tsafensa sun yi kaɗan. Gaskiya ne, a bugu na biyar na 2014, daga mataki na 2 har zuwa na 10 gurbin tsafi 2 kacal yake da su, wato damar yin babban tsafi sau biyu kafin ya huta. Sai dai suna dawo masa bayan gajeren hutu na awa ɗaya, don haka ka riƙa neman abokan tafiya su tsaya a huta tsakanin faɗa da faɗa.

Makinka mafi yawa ka zuba shi a kwarjini. Ka ɗauki tsafin harbi mai suna Eldritch Blast, wanda ba ya cin gurbi: kana jefa ɗan lido mai fuska 10 don sanin yawan ɓarnar da ya yi, a mataki na 5 kuma harbin ya zama biyu. Idan ka haɗa da baiwar da ake kira Agonizing Blast, ƙarin makin da kwarjininka ke bayarwa zai hau kan ɓarnar kowane harbi.

Ni dai abin da na fi so ka zauna a kansa shi ne ubangidan da ya ƙulla alkawarin da shi. Ko shaiɗani ne, ko sarkin aljanun daji, ko wata daɗaɗɗiyar halitta daga can bayan taurari, me ya karɓa a hannun mutumin? Sunansa? Barcinsa? A ce misali duk lokacin da ya yi tsafi, sai wani sabon harafi ya fito a tafin hannunsa, shi kuwa bai iya karanta shi ba. Ka kai wa mai jan wasan wannan tun kafin zaman farko, ku yanke ranar da ubangidan zai aiko neman bashinsa.