Amsa: layukan bakan hasken tauraro sun ƙi zama a gurbinsu

Ɗan'uwa, ka ce ka buɗe fayil ɗin FITS (tsarin fayil da masu nazarin taurari ke adana hotuna da bayanai a ciki) na bakan hasken tauraron Vega a manhaja amma layukan ba sa faɗawa inda ya kamata, kuma zanen ya karkata. Matsala biyu ce daban, kar ka haɗa su.

Fara da daidaita tsawon zangon haske (wavelength) tukuna, domin yanzu fiksel kawai manhajar take ƙirgawa. Vega ai ta sauƙaƙa maka aiki, layukan haidurojin ɗinta manya ne, su ne ramukan da kake gani a zanen, ana kiransu H-alfa, H-beta da H-gama; ka danna tsakiyar ramin H-alfa ka rubuta 6563 (a ma'aunin angstrom), ka je H-beta ka sa 4861, sai H-gama 4340, nan take za ka ga sauran sun hau layi. Ramin da ke wajen 7600 kuwa iskar oksijin ta duniyarmu ce, ba ta tauraron ba.

Karkatar kuma kyamararka ce ke jawo yawancinta. In splot, wato kayan duba bakan haske na manhajar IRAF, kake amfani da shi, danna t ka miƙar da zanen, amma don Allah kar ka ɗaga oda (yawan lanƙwasar da layin daidaitawar zai iya yi) sosai, wallahi zai cinye maka fukafukan layukan, wato gefunansu, ba ka sani ba. Kuma ka ajiye asalin fayil ɗin gefe kafin ka taɓa komai.